Kwat ɗin Baba da Randar Koko

Yau da safe jikata ta shigo ɗakina sanye da rigar sanyi mai hula, tana rawar ɗari kamar wadda aka tsamo daga teku, hannunta riƙe da koko a leda. Na karɓa na ciji gefen ledar na tsotsa. Ba laifi, akwai citta, sukari har ya so ya yi yawa, amma tsamin na gaggawa ne. Na ce mata mai kokon nan ba ta lulluɓe randarta. Ta dube ni ta ce, "Kaka, wa yake lulluɓe randa yanzu? Roba suke sa shi." Na yi dariya har na ƙware, don iskar da ke shigowa ta taga ta riga ta mayar da ni wani Agustan, shekara biyu bayan babbar yunwa.

Mutanen arewa ba su yarda Accra tana da sanyi ba, ni kuwa ban fasa musu da su ba. Idan ruwan Yuni ya gama dukanmu, babban gwatan unguwarmu Nima ya daina ruri ya kwanta, sai sama ta rufe ruf, rana ta yi tafiyarta. Iska ta riƙa tasowa daga teku da danshi, yayyafi ba ya yi ba ya bari. Wanki ya kwana a igiya ya wuni bai bushe ba. Takalmi ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado, gishiri ya narke a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa sai an ɗora ta a gefen murhu. Unguwar da kullum take kamar ana faɗa sai ta yi laushi, har awaki su lafe a jikin bango. A wannan lokacin ne kifi ke arha, matan bakin teku suna yawo da shi lungu lungu a faranti, kuma a wannan lokacin ne mai koko take sarauta.

Mahaifiyata, da muke kira Mma, ita ce mai kokon bakin gadar da motocin haya da muke kira trotro ke tsayawa su ɗebi ma'aikata. Tun ban san kaina ba bencinta yake wurin. Haifaffiyar Nima ce, Hausarta irin tamu ta zango, ba ruwanta da mace ko namiji a magana. Baba kuwa mutumin Maraɗi ne, yana gadin wani gida a unguwar Kanda. Da magariba yake fita, ya dawo da hantsi bayan ya tsaya majalisar ƙofar masallaci ya gyara duniya da baki. Yana da wani kwat na tsofaffin sojoji, mai kauri, mai nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu, tsawonsa har ƙauri. Yana shigowa gida, daidai lokacin da Mma ta gama tace gasarar gobe, sai ya wurga kwat ɗin kan randar.

"Malam, randa na ba ƙusa ba ne fa," in ji Mma.

"Ta fi ƙusa hankali," in ji Baba, ya shige ɗaki ya kwanta.

Da an kira magariba sai ta ɗauke kwat ɗin, ta kakkaɓe, ta miƙa masa tana mita. Ni duk a zatona faɗa ne na gaske, har nakan ji haushin Baba da rashin tsari. Mutanen gidan da yake gadi ma sun ce tun daga ƙofa suke jin ya iso, don ƙamshin citta da tsamin gero ke riga shi shiga.

A farkon ruwan shekarar nan ya dawo jiƙe sharkaf yana tari. Ya kwanta, aka yi jiƙe-jiƙe, aka kai shi asibiti, bai sake tashi ba. Mma ta shiga takaba, ta zauna kan tabarma a kusurwar ɗaki da baƙin mayafi da carbi, bakinta ya mutu. In an gaishe ta ta ɗaga kai, in an ba ta abinci ta taɓa ta ture. Matar da muryarta ke tsallake titi ta tsayar da mota, sai ga ta wuni guda ba ta haɗa kalma uku ba. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan tsorata ni.

Yayar Baba, Gwaggo Hassu, ta zo ta'aziyya daga Maraɗi ta zauna da mu. Doguwa ce, mai tsaga a kumatu, ba ta tambaya kafin ta yi abu. Ita ta tattara kayan Baba, riguna da hula da tocila da kwat ɗin, ta zuba kafur, ta kulle a adaka, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Ta ce ba mai taɓawa sai ƙanensu Ilu ya zo an yi rabon gado. Ta kuma kafa mini doka: mai takaba ba a kai mata damuwar duniya. Sanyinmu kuwa dariya yake ba ta. Tana ganinmu cikin suwaita sai ta ce, "Wannan ne sanyi? Ku zo Maraɗi ku taɓa ruwan alwala da asuba ku ji yadda yake cizo."

Masu abinci na bakin gada suna da al'adarsu. In aka yi wa mace rasuwa, sai a kife bencinta a ɗora dutse a kai, ba mai zama wurin har a yi sadakar arba'in. Bayan nan ko gidan su kawo tukunya, ko wurin ya zama na mai rabo. Mai rabon kuwa tana nan tana jira, wata mai shayi da burodi da ke tsallaken titi, inda mota ba ta tsayawa. Washegarin sadaka Magajiyar masu abinci ta zo gida, ta gaishe da Mma, ta ja ni waje.

"Adiza, maman ki ya san doka. Shi ba zai fita ba sai wata ya cika. Za ki iya tukunya, ko mu ɗaga dutse?"

"Zan iya, Magajiya."

Ban ko bari ta rufe baki ba. Lokacin ina da shekara ashirin, ina koyon ɗinki a unguwar Maamobi wurin wata madam da ta mayar da ni mai ɗinke maɓalli da sharar shago. Abin da nake so tun ina yarinya shi ne in tsaya bayan tukunyar nan da ludayi a hannu, direbobi na kiran sunana. Mma ba ta taɓa bari ba, iyakata wanke ƙore da suyar ƙosai. To ga tukunya ta faɗo hannuna. Gida na makoki, ni ma ina kewar ubana har cikin ƙashi, amma gaskiya ita ce a ranar ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na je na gaya wa madam ta nemi wata mai maɓallin, na dawo da gudu har ina tsallake kwatami.

Komai na yi shi yadda na gani. Na jiƙa gero ya kwana. Da safe na wanke shi tas, na zuba citta da barkono da kanumfari da masoro, na ɗora a ka zuwa injin niƙa, na bi layi ina jin kaina wata babbar mace. Na dawo na ɗumama ruwa a sauran garwashi, na ɗaura ƙyallen tata a bakin randa, na tace har hannuna ya yi fari, na ba awakin maƙwabta dusar. Na rufe randa da faifai na bar ta a kusurwarta ta tsakar gida. Da asuba na tsiyaye ruwan saman a tukunya, na hura gawayin da ya sha danshi har idona ya yi ja, ruwa ya tafasa, na dama gasarar na juye ina juyawa. Ya yi kauri, ya yi santsi, kalarsa kamar na Mma. Na ɗanɗana na ji wani abu bai cika ba, amma murna ba ta bar ni na tsaya bincike ba.

Da na ɗaga dutsen na juyar da benci, sai da matan wurin suka yi mini guɗa. Mai dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, ta gefenmu ta ba ni kifi kyauta. Kafin gari ya gama wayewa layi ya kai bakin gada, 'yan dako da magina da 'yan makaranta, kowa ya ƙanƙame jikinsa yana miƙo ƙwarya. Wanda ya fara sha shi ne Masta Kwei, direban trotro, ɗan ƙabilar Ga, wanda ya shekara da shekaru yana karya kumallo a bencin nan. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya dubi cikin ƙwaryar.

"Adiza, koko nan ya yi kyau a ido. Amma ba shi da rai kuraa, ko kaɗan."

Na yi dariya na ce bakinsa ne. Ba bakinsa ba ne. Lami ne kokon, kamar an dama gari da ruwan zafi an barbaɗa yaji. Ranar sun shanye saboda kunya da tausayi, wasu har suka ƙara don a ce sun taimaki marainiya.

Na koma gida na sake, na ƙara gero, na ƙara citta, na bar shi ya daɗe. In na buɗe randa da asuba sai in tarar da ruwa kwance shiru, ba kumfa, ba wari, sanyi ƙalau kamar ruwan rijiya. Na sa kunne ma ko zan ji ɗan tsitsitsin da randar Mma take yi, ban ji komai ba. Gidan shiru, Mma shiru, sama shiru, ga randa ma ta bi sahu. Na tambayi Gwaggo, ta ce su a can fura suka sani, gasararsu kuwa kafin ka juya ta yi tsami. Na ce bari in tambayi Mma, ta harare ni ta taɓa makullin da ke bakin zaninta, kamar har bakina a adakar ta kulle.

Sai dabara ta zo mini, na kuwa ji daɗin kaina ƙwarai. Ai tsami ake nema. Na sayo lemun tsami na matse a tukunya. Washegari na gwada ruwan tsamiya. Tsami ya samu, amma irin wanda ke tsayawa a haƙori ya ƙi sauka ciki. Masta Kwei ya kurɓa ya runtse ido ɗaya, ya ajiye ƙwaryar a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

"Chale, ƙawata, yau magani ne kika kawo? Ni ba ni da zazzaɓi."

Karen motarsa ya fashe da dariya. Ina tsaye ina kallo layina ya fara tsinkewa ta baya, mutum ɗaya, mutum biyu, suna duba hagu da dama suna tsallaka titi wurin mai shayi. Ita kuwa har da ƙara benci. Na koma gida da rabin tukunya a ka, nauyinta ya fi na cikakkiya. Da la'asar Magajiya ta tare ni a famfo, ba ta ɗaga murya ba.

"Wuri nan na masu ciyar da mutane ne, ba na ajiya ba. Zuwa Juma'a in mutane suna tsallakawa, shi mai shayi zai tsallako. Ki yi haƙuri, ba ni ba ne, doka ne."

Na san abin da wannan yake nufi. Mma za ta fito daga takaba ta tarar ba miji, ba benci. Mace irinta in ba ta da inda za ta je da asuba, to tabarmar nan ce za ta cinye ta.

Duk kwanakin nan shayi nake saya wa Mma a ɓoye, don kada ta ɗanɗana abin kunyata. Ranar Laraba da hantsi na dawo da ragowar tukunya, na ajiye na tafi injin niƙa. Gwaggo, da ba ta son asara, ta ɗebi ragowar ta kai wa Mma. Ina dawowa da ƙullu a ka na ji murya daga ɗaki, muryar nan da na yi kewa, mai tsayar da mota.

"Wa ya sa lemo cikin koko na?"

Saura kaɗan in saki kwanon. Na ji tsoro, na ji daɗi, ban san wanne ya fi ba. Na shiga na durƙusa na zayyane mata komai, har maganar Juma'a, Gwaggo na zare mini ido ina yi kamar ban gani ba. Mma ta saurara, ta ajiye carbi, ta dafa bango ta miƙe. Ta fito tsakar gida tana ƙifta ido, ta tsaya a kaina har na gama tata da ruwan ɗumi, sannan ta ɗora tafin hannunta a cikin randar kamar mai duba zazzaɓin yaro.

"Kin yi komai daidai. Amma kafin azahar zai huce. Randa yana jin sanyi, Adiza. Ina kwat?"

"Wane kwat, Mma?"

"Na uban ki. Kina tsammani don me yake jefa shi nan? Kin taɓa gani ya jefa lokacin zafi?"

Ban taɓa gani ba. Da zafi a ƙusa yake rataye shi kamar kowa. Shekara ashirin ina kallon mutum biyu suna aiki tare, ina tsammanin faɗa suke yi.

Gwaggo ta dafe bakin zaninta. "Salamatu, ki ji tsoron Allah. Kayan mamaci ne, ba a raba ba. A nemo buhu a lulluɓa."

"Buhu iska yana shiga."

"A sa biyu."

"Yaya, magada nawa ne? Ni na yarda. Adiza?"

"Na yarda," na ce da sauri.

"Saura ke."

"Saura Ilu," in ji Gwaggo. "Yana Maraɗi, bai san ana yi ba."

"In ya zo ya yanke hannu ɗaya ya tafi da shi. Mu ba mu amfani da hannun."

Dariya ta kuɓuce mini, na toshe baki. Gwaggo ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, kumatunta suka ƙi ba ta haɗin kai. Ta yi tsaki, ta kwance makullin ta cilla kan tabarma, ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba. Yanzu da na tsufa a sana'ar na san buhu biyu za su yi aikin sarai. Mma ma ta sani.

Ita ta buɗe adakar da kanta. Warin kafur ya buso, a ƙarƙashinsa kuma ƙamshin citta da tsamin gero da Baba. Ta rungumo kwat ɗin ta kawo, ta yafa wa randar, ta zagayo da shi, ta saka maɓallai har wuya, ta cusa hannayen ta ƙasa. Randa ta tsaya a kusurwa kamar wani gajeren mai gadi mai tumbi. Ranar ban iya zama ba. In na wuce sai in zura hannu ƙarƙashin kwat ɗin in ji ɗumi, in koma in sake dawowa, har Mma ta ce in na ƙara buɗe shi za ta karya mini yatsa. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Da asubar Alhamis tun kafin in kai ga randar hancina ya ba ni labari. Na ɗaga faifai, ga kumfa ta taru a sama, ga ɗan tsitsitsin nan yana tashi. Na ɗebo a ludayi na ruga ɗaki ina zubarwa a hanya. Mma ta taɓa da harshe ta ce, "Je ki hura wuta." Na hura, gawayin ma ranar bai yi gardama ba.

Yayyafi ake yi a bakin gada, mutane kaɗan ne suka tsaya wurina. Masta Kwei ya sauko daga mota ya nufi titi zai tsallaka, na ƙwala masa kira da wata murya da ban san ina da ita ba. Ya juyo don kunya. Na cika masa ƙwarya na ce in bai yi ba kada ya sake gaishe ni. Ya kurɓa da taka-tsantsan, ya tsaya, sai ya kafa kai bai ɗago ba har sai da ya ga gindin ƙwaryar. Ya goge gashin baki, ya juya wajen tsallake ya ɗaga hannu.

"Ku dawo, ku dawo. Koko ya farka."

Suka dawo kuwa, wasu da burodin mai shayi a hannu. Ƙosai ya ƙare, na aika a karɓo na maƙwabciya, shi ma ya ƙare. Hannuna ya gaji da ɗiba ban sani ba, ina zuba wa wannan ina tsokanar wancan, sunana na tashi ta ko'ina. Magajiya ta zo ta sha nata a tsaye, sai ta ɗauki dutsen da aka danne bencinmu da shi ta wurga gwata. Na koma gida da tukunya fayau, ina kaɗa ta da ludayi tun daga bakin lungu.

Wunin ranar gidanmu ya dawo gida. Mma ta zauna a bakin ƙofar ɗaki tana ba da umarni, ta ce gerona bai wanku ba, ta ce na cika kanumfari, ta sa na maimaita mata abin da Masta Kwei ya faɗa har ta ƙoshi. Ta aika a sayo kifi aka soya, ta ci ta nemi ƙari. Ita da Gwaggo suka yi ta gardama kan inda ya fi sanyi tsakanin Nima da Maraɗi. Muka tace gasarar gobe tare, Mma ta sake saka wa randa maɓallanta.

Aka kira magariba muna tsakar gida, Mma tana cikin ba Gwaggo labarin wani fasinja da ya taɓa faɗawa gwata da ƙwaryarsa. Ba ta katse labarin ba ta miƙe, ta je kusurwa, ta ɓalle maɓallan, ta ɗauke kwat ɗin ta kakkaɓe, ta juya wajen ƙofar ɗaki.

"Malam, za ka makara fa."

Ba wanda ya motsa. Ladan ya ci gaba da kira, yayyafi na sauka a kan kwano. Ta tsaya da kwat ɗin a miƙe a hannu biyu, tana kallon labulen. Sannan ta jawo shi ta kifa fuskarta a ciki, kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza ya fito.

Gwaggo ce ta tashi. Ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta zare kwat ɗin daga hannunta a hankali, ta kai wa randar, ta yafa, ta bi maɓallan da kanta ɗaya bayan ɗaya har wuya.

"Bar shi, Salamatu," ta ce. "Ya yi gadin gidan mutane ya isa. Yau a gida zai kwana."